Aikin sa fulogin waifai a gidan Hajiya, inda aka kwana

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

Yau na fara aikin nan da na daɗe ina son yi, wato sa wa wasu kayan wutan gidan Hajiya irin ƙaramin fulogin nan mai waifai da ake kunnawa da kashewa daga waya. Ga wanda bai taɓa gani ba, kamannin adafta gare shi, ka soka shi a soket ɗin bango sannan ka soka fanka ko fitila a jikinsa, a ciki akwai ɗan makunni da masu wayarin ke ce wa rile da kuma ɗan cif mai kama waifai, shikenan. Ba fasa bango ba yanke waya, shi ya sa duk mai son fara sarrafa kayan gida ta waya da shi ake ce masa ya fara.

Abu uku nake so ya yi min. Fitilar ƙofar gida, wadda wayarta daga soket ɗin zaure take, ta riƙa kama kanta da magariba ta mutu da asuba. Disfensar ruwan falo ta daina kwana tana dafa ruwan da ba mai sha da batirin inbata. Sai fankar ɗakin Hajiya, tana kwana da ita saboda zafin nan amma wajen asuba sanyin yana taɓa mata ƙafa kuma tashi a duhu don kashewa ba ƙaramin aiki ba ne a shekarunta. Gidan yana da wutar gwamnati, da ƙaramar inbata, da janareta da ake tayarwa jefi-jefi, to duk abin da zan saya dole ya iya zama da waɗannan ukun.

Talata, 15 ga Afrilu

Na ɗauki tef na zagaya ina awon soket. Fuskar soket mai baki ɗaya milimita 86 ce kowane gefe, mai baki biyu kuma 146 a kwance, kuma kowane baki da makunninsa a sama. Nan ne maganar ƙanƙanta take da muhimmanci, don fulogi in ya yi faɗi sai ya shiga filin maƙwabcinsa, in ya yi tsawo ta sama kuma ya rufe makunnin ko ma ya riƙa danna shi. A ekstenshan abin ya fi muni don bakunan a matse suke. Abin da na rubuta a takarda: kar faɗinsa ya wuce na kan fulogi na yau da kullum da yawa, wato wajen santimita 5 ko sama kaɗan. Hoton talla ba ya nuna wannan, sai ka gangara ƙasa inda suka rubuta awo.

Na biyu ƙafa. Mu a Najeriya irin na Ingila muke amfani da shi, ƙafa uku masu kusurwa, bolt 230, kuma soket ɗin am 13 aka yi shi ya ɗauka. A shagunan intanet irin su AliExpress fulogi ɗaya za ka gani da zaɓi uku ko huɗu, UK da EU da US, namu shi ne UK. Na Amurka don bolt 120 aka yi tsarinsa, a bar shi. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram kuma nasu EU ne mai zagayayyun ƙafa biyu. Kuma dan Allah kar wani ya ce ai zan sayi EU in sa masa adafta, ka ga an koma ɗora abu kan abu, nauyi ya riƙa jan shi ƙasa, haɗuwar ƙarfen ta yi sako-sako, daga nan zafi yake farawa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Satin nan karatu na yi ta yi a kan yaren da suke magana da shi. Akwai na waifai zalla, shi kai tsaye yake hawa rautar gida. Akwai na Zigbee, irin na IKEA da Aqara, waɗannan ba sa hawa rauta, sai ka sayi wani ɗan akwati da zai tara su ya haɗa su da intanet, amfaninsu ba sa cika waifai kuma kowane fulogi yana miƙa wa na gaba saƙo, to in gida babba ne da kaya da yawa sun fi. Sai kuma Matter, wanda aka fitar a watan Oktoba 2022 da hannun Apple da Google da Amazon da Samsung don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin juna, yana aiki a cikin gida ba sai saƙo ya je sabar kamfani ya dawo ba, amma shi ma yana buƙatar na'urar da za ta shugabance shi, irin su Echo ko Nest Hub ko HomePod.

Gidan Hajiya ba ko ɗaya a cikin waɗannan, kuma fulogi uku kacal ake magana, to sayen akwati na daban ɓarnar kuɗi ce a yanzu. Waifai na zaɓa. Abin lura ɗaya ga masu maifai: da yawansu na'ura 10 ce iyakar abin da suke ɗauka lokaci guda, in ka ƙirga wayoyin 'yan gida da na baƙi da talbijin za ka ga fulogi uku ba ƙaramin guri suka ci ba. Mu rauta ce ta tebur mai layin waya, tana ɗaukar fiye da haka.

Na yi odar kala uku don in gwada su gefe da gefe kafin in tsaya a kan ɗaya: Tapo P110 na TP-Link, Sonoff S60 mai ƙafar UK, da wani mai araha da ba sunan kamfani a jikinsa. Duk ukun suna auna wutar da ake ci. Akwai Tapo P100 da ya fi sauƙin kuɗi amma shi ba ya awo, kunnawa da kashewa ne kawai.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Sun iso, na haɗa su da waya. Tapo da manhajar Tapo, Sonoff da eWeLink, na ukun da manhajar da takardar cikin kwalinsa ta nuna. Kowacce sai ka buɗe akawun da imel. Abin da ke tsayar da mutane a nan shi ne kusan duk ƙananan fulogin nan waifai mai 2.4 GHz kaɗai suke gani, ba sa ganin mai 5, to in rautarka ta haɗe biyun da suna ɗaya kuma haɗin ya ƙi, shiga saitinta ka raba su ko ka kashe mai 5 ɗin na ɗan lokaci. Na raba su tun kafin in fara, ba wanda ya ba ni wahala.

Ta fannin girma, masu suna biyun sun zauna a soket mai baki biyu ba su hana ɗayan bakin aiki ba. Marar sunan zagayayye ne, yana taɓa cajar da ke kusa da shi a ekstenshan. Na kuma duba inda maɓallin hannu yake, don Hajiya ba za ta riƙa buɗe manhaja ba, dole yatsanta ya iya kaiwa gare shi ba tare da ta zare komai ba. Na nuna mata, ta danna fanka ta tashi, ta ce "to in dai wannan ɗin yana aiki ku yi ta wayarku can." Na ce Hajiya shi ma zai riƙa kashe kansa da asuba, ta ce Allah ya sa.

Asabar, 3 ga Mayu

Wannan ne babban gwajin, kuma gaskiya da ni ne mai rubuta bayanin kwali a kasuwarmu shi zan sa a layin farko kafin launi da girma: me fulogin yake yi idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita? Waɗanda suka ƙera shi a ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba a can ƙasan saiti suke ɓoye abin, mu kuwa a rana ɗaya sai a canja daga ta gwamnati zuwa inbata zuwa janareta a dawo, kuma duk canjoba da aka ja da hannu, a wurin fulogin mutuwa ce da farkawa.

Saitin zaɓi uku gare shi a mafi yawan manhajoji: in wuta ta dawo ya kunna, ko ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Tapo yana da shi, eWeLink yana da shi, masu hawa manhajar Smart Life ma da yawa suna da shi. Wanda za ka zaɓa ya danganta da abin da ka soka. Fankar Hajiya na sa ta koma yadda take, don in tana barci da fanka aka ɗauke aka dawo bai kamata ta farka cikin gumi tana laluben maɓalli ba. Disfensa na sa ta zauna a kashe, duk abu mai ɗumama ruwa gara ya jira a kunna shi. Fitilar waje na sa ta kunna, don gara in tarar da ita tana ci da rana a kan ƙofar gida ta kwana a duhu.

Na gwada ta hanyar kashe makunnin bango in ƙirga kaɗan in kunna, sannan na bar su da ɗaukewar gaske na kwanaki. Masu suna biyun sun yi abin da aka ce su yi. Marar sunan in wutar ta ɗan ƙifta da sauri, irin ta je ta dawo ta je ta dawo ɗin nan, sai in tarar fitilarsa tana ƙyaftawa, ya manta waifai gaba ɗaya yana jira a sake haɗa shi. A gidan da ba kullum nake nan ba wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga layi, don wa zai sake haɗawa?

Wani abu kuma da ya shafi kayan da kansu ba fulogin ba. Fulogi wuta kawai yake bayarwa ko ya yanke, ba ya danna maɓallin kowa. Fanka mai murɗawa ko mai maɓallin da ke zama a danne, da wuta ta shigo za ta tashi. Amma fanka mai rimot, da irin masu cajin nan, da wasu talbijin, in ka yanke musu wuta ka dawo da ita zama suke suna jiran a taɓa su. Gwajin ba ya buƙatar sayen komai: kunna abin, zare shi daga bango, mayar, in ya ci gaba da kansa to zai yi aiki da fulogin waifai, in bai ci gaba ba kar ka ɓata kuɗinka. Fankar Hajiya tsohuwar mai maɓallan dannawa ce, ta ci jarrabawa. Disfensa ma makunnanta na baya irin masu zama ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Matsalar agogo. Jadawalin da ka saita yana zama a cikin fulogin, to ko data ta ƙare zai ci gaba da kunnawa a kan lokaci, matuƙar wuta ba ta yanke masa ba. Amma mafi yawansu ba su da batirin riƙe agogo, daga intanet suke tambayar lokaci duk sanda suka farka. In aka ɗauke wuta aka dawo kuma rauta ba ta tashi ba ko ba data, sai ya zama kamar mai gadin da ya farka bai san ƙarfe nawa ba, yana nan amma bai san ko lokacin buɗe ƙofa ya yi ba. Jiya haka ta faru, fanka ba ta mutu da asuba ba don data ta ƙare da daddare kuma an yi canjoba a tsakani.

Maganin ba a fulogin yake ba, a rauta yake. Na sayo ɗan ƙaramin batirin rautar nan mai fitar da bolt 12, yanzu ko an ja canjoba ba ta mutuwa, kuma na sa sabunta data na wata ya riƙa yin kansa. Su fulogin ba wata data suke ci ba, ɗan saƙo ne kawai.

Laraba, 14 ga Mayu

Mai wayarin ɗin gidan ya zo gyaran wani soket na kicin da ya yi baƙi, na nuna masa kayan. Ƙanina yana ta cewa a sa wa samo ɗaya don a riƙa cika tanki daga waya, a sa wa esi ɗin falo ɗaya. Malam ya juya marar sunan ya ga an rubuta 20A, ya ce "Alhaji wannan rubutu ne kawai, ramin da za ka soka shi 13 yake ɗauka, ina sauran bakwai ɗin za su bi?" Lissafin a fili yake, am 13 sau bolt 230 wat 2,990 kenan, mai am 10 kuma wat 2,300, kuma wannan ma iyaka ce ba wurin zama na awa da awanni ba.

Sannan ya yi bayanin abin da ya fi wannan. Lambar da ke jikin fulogi ta kaya ce masu cin wuta a miƙe, irin hita da ƙwan fitila. Duk abu mai mota ko kwamfreso, samo da esi da firiza, a daidai lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, kuma wannan fizgar ce ke cin bakin rile ɗin a hankali har wata rana ya manne, ka kashe a waya ta nuna maka a kashe alhali injin yana ta aiki. Samo mai doki ɗaya wat 746 ne a takarda, ka ga kamar ba komai, amma tashinsa daban. Ya ce in dai ana son samo ta waya to kwantakta ake sawa, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ita ta ɗauki nauyin, ɗan makunnin waifai kuma aikinsa kawai ya ba ta umarni. Esi kuwa dama soket ɗinsa na daban ne mai zagayayyun ƙafa na am 15 ko makunni na am 20, ba ma inda fulogin zai shiga.

Ni kuma na ƙara nawa: dutsen guga da hitar da ake tsomawa a bokiti ba za su taɓa hawa fulogin waifai a gidan nan ba ko da lissafin wat ya yarda. Abin da za a iya kunnawa daga nesa, ko yaro ya taɓa waya ya kunna, bai kamata ya zama abin da zai iya tayar da gobara ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Awon wuta ya fi yadda na zata amfani. Na riƙa yawo da P110 daga wannan kaya zuwa wancan. Fankar tsaye wajen wat 50 take ci a lamba ta sama. Disfensa in tana ɗumamawa tana kai wajen wat 500, ta huta ta sake, ta huta ta sake, dare guda, kuma a jadawalin manhajar kana ganin tsinin kowane tashi. A ƙaramar inbata wannan shi ne bambancin batir ya kai asuba ko ya yi kuka ƙarfe uku. Yanzu disfensar tana mutuwa bayan isha'i ta kama kafin sallar asuba don Hajiya ta samu ruwan shayi, kuma tunda aka fara haka inbata ba ta sake kukan tsakar dare ba.

Ga masu layin Band A, a watan Yuli 2024 yunit ɗaya ya zama naira 209.5, bayan tashin da ya yi zuwa 225 a Afrilun shekarar, to sanin wane kaya ne ke shanye yunit ba ƙaramin abu ba ne. Shi kansa fulogin yana cin wajen wat 1 yana zaune, a wata bai kai yunit ɗaya ba, 0.72 ne in ka lissafa awa 24 sau kwana 30. Wannan yana nufin sa shi a kan cajar waya don "tanadin wuta" ba riba, abin da zai ci ya kai abin da zai hana.

Ra'ayina a nan: mai farawa ya sayi mai awo guda ɗaya tak ya riƙa zagayawa da shi, sauran su zama marasa awo. Fitilar ƙofar gida ba ta buƙatar a riƙa ƙirga mata wat.

Litinin, 2 ga Yuni

Sallar layya ranar Juma'a, maganar firiza ta taso, ƙanwata ta ce a sa mata fulogi don mu riƙa gani ko tana aiki. Na ƙi. Bayan maganar kwamfreso da Malam ya yi, firiza tana da gad ɗinta mai jinkirta wuta na 'yan mintuna bayan an dawo da ita da kuma yankewa in wutar ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma fulogin waifai ba ya maye gurbin wannan. Sannan duk wani abu da ka ƙara tsakanin firiza da bango wata sabuwar hanya ce da za ta iya mutuwa ba wanda ya sani, yatsa ɗaya a manhaja bisa kuskure ya isa, ga nama cike. Ta zauna yadda take.

Iskar farkon damina ta fara kawo rabin wuta da yamma. Na lura a duba abin da aka rubuta a jikin fulogi, wasu 220 zuwa 240 ne wasu 100 zuwa 240, kuma a unguwar da wuta ke yawan zuwa ba ƙarfi mai faɗin zangon ya fi dacewa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Inda aka tsaya: P110 yana kan disfensa, S60 yana kan fankar Hajiya, na sayo P100 na sa wa fitilar ƙofar gida da jadawalin faɗuwar rana da fitowarta, wanda manhajar ke lissafawa da kanta daga garin da ka saita, ba sai ana gyara lokaci duk wata ba. Marar sunan na cire shi, ban ba kowa ba. Na kashe ɗan hasken jikin na ɗakin Hajiya ta saiti don ta ce yana damunta da daddare. Na raba ikon da akawun ɗin ƙanina maimakon in ba shi kalmar sirrina, kuma na rubuta sunan waifai da lambarsa na liƙa a ƙarƙashin rautar, don in ta lalace aka sayo wata, aka sa mata suna da lamba iri ɗaya, fulogin duk za su hau da kansu ba sai an sake haɗa ko ɗaya ba.

Manhaja biyu a waya don fulogi uku ya yi yawa, na gwaji ne ya ja haka, wanda zai fara yanzu ya tsaya a kamfani ɗaya. Nan gaba zan mayar da S60 gidana, yana da tsarin aiki ta waifan gida ko ba intanet kuma ina so in gwada shi da Home Assistant, wata manhajar sarrafa kayan gida, in saya wa fankar irin na sauran biyun. Samo kuma Malam ya ce zai kawo kuɗin kwantakta da akwatinta cikin satin nan, sai mun ga lissafin tukun.